Yadda Ake Shimfiɗa Ƙaramin Layin Dogo a Lambun Gida

A Ingila da Jamus da Amurka akwai mutanen da babban abin sha'awarsu shi ne su shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun bayan gida, su ɗora masa jirgin ƙasa wanda kansa bai fi kamu ɗaya tsawo ba, sannan su zauna da yamma suna kallonsa yana ratsa tsirrai, yana haye gada, yana tsayawa a tasha. Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka wasan yara ne, alhali da yawa daga masu yin sa magidanta ne da dattawa waɗanda suka shafe shekaru suna gini suna gyara. Al'adar ta daɗe. A garin Beaconsfield na Ingila akwai ƙauyen kwaikwayo mai suna Bekonscot, wanda Roland Callingham ya buɗe wa jama'a a 1929, kuma har yau ƙananan jirage suna zagaya shi a fili. Sai dai abin bai shiga hannun kowa da kowa ba sai a 1968, lokacin da kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg a Jamus ya fito da jiragen LGB, waɗanda aka ƙera da roba mai jure rana da ruwa domin a iya barin layinsu a waje rani da damina.

Bambancin wannan da jirgin da ake ɗorawa a kan tebur cikin ɗaki shi ne, a lambu jirgin kaɗai aka ƙanƙanta. Rana tana nan da zafinta, ruwan sama yana nan da ƙarfinsa, ganye guda da ya faɗo a kan dogo kuwa, a wurin wannan jirgi daidai yake da reshen itace. Duk abin da injiniyan layin dogo na gaske yake fama da shi, daga zaizayar ƙasa zuwa kwanciyar ruwa da miƙewar ƙarfe idan ya sha rana, mai lambu ma zai gamu da shi. Wanda ya zuba kuɗinsa a kan kyakkyawan kan jirgi ya yi wa aikin ƙasa riƙon sakainar kashi, zai ƙare yana tsugune yana mayar da taragu kan dogo.

Mataki na farko: zaɓen awo

Awo biyu ne ake magana a kansu, kuma sababbin shiga sukan rikita su. Na farko shi ne faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu. Na biyu shi ne awon ƙanƙantawa, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske. A lambu faɗin da ya fi yaɗuwa shi ne milimita 45, sai milimita 32 da ’yan Birtaniya suka fi so. A kan layin milimita 45 ɗin nan guda, ana gudanar da jirage masu awo daban-daban. Na LGB an rage su sau 22.5, domin suna kwaikwayon jiragen Turai masu layi mai faɗin mita ɗaya. Waɗanda ake kira Geji 1 an rage su sau 32, suna kwaikwayon babban layi mai milimita 1,435. A Amurka kuma akwai na 20.3 da na 29. A kan layin milimita 32 kuwa, awon da ya shahara shi ne na 19, wanda ke kwaikwayon siraran layukan ƙafa biyu irin na Ffestiniog a yankin Wales.

Ga mai son kwaikwayon jiragen da ya sani a gida, lissafin ya zo da daɗi. Tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne, idan aka raba da 45 za a sami kusan 24. Ƙaramin layin Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos har aka rufe shi a 1957, faɗinsa milimita 762 ne, idan aka raba da 32 shi ma kusan 24 yake bayarwa. Wato mutum zai iya haɗa layukan biyu a tasha ɗaya da awo ɗaya, kamar yadda suka taɓa haɗuwa a Zariya. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna kuma ya faɗo daidai a kan Geji 1.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki milimita 45, domin kayansa sun fi samuwa daga kamfanoni irin su LGB da Piko da Bachmann, kuma ƙafafun jiragensa suna da baki mai zurfi wanda ke yafe ƙananan kurakuran shimfiɗa. Sannan ya tsaya a kan awo ɗaya. Mutumin roba na awon 22.5 tsawonsa kimanin santimita 7.5 ne, idan aka tsayar da shi kusa da tarago na awon 32 sai ya zama ƙato wanda ƙofa ba za ta ɗauke shi ba.

Mataki na biyu: karantar fili

Kada a sayi ko guntun dogo kafin a ga yadda filin yake bayan ruwa mai ƙarfi. A fita da sassafe a duba inda ruwa ya kwanta, da inda ya yi hanya, da inda na indararo yake zuba, a kafa ’yan turaku a wuraren domin kada a manta idan ƙasa ta bushe. A kauce wa gindin manyan itatuwa. Inuwar mangwaro ko darbejiya tana da daɗin zama, amma ganye da ’ya’ya da kashin tsuntsaye za su riƙa sauka a kan layin kullum, saiwoyi kuma za su ɗaga shi daga ƙasa bayan ’yan shekaru. Idan gidan akwai kaji ko awaki, shinge ya zama dole, domin kaza ba ta ganin tsakuwa ta ƙyale.

Daga nan sai a zana layin a ƙasa da tiyo ko igiya mai kauri, a bar shi kwana biyu ko uku ana kallonsa daga inda za a riƙa zama. A nan ne ake yanke shawara biyu mafiya muhimmanci, wato kwana da hawa.

Akwatin kayan farawa da ake sayarwa yakan zo da lanƙwasassun dogo 12 waɗanda ke haɗa da'ira mai faɗin mita 1.2, wato santimita 60 daga tsakiya zuwa layi. Wannan kwana ta yi tsauri ƙwarai. Ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu irin Stainz na LGB zai sha ta ba matsala, amma dogon tarago zai riƙa leƙowa waje yana jan na bayansa, ƙafafu kuma suna cin dogo. Idan fili ya ba da dama, kada a yi ƙasa da mita 1.2 daga tsakiya zuwa layi, wato da'irar da za ta ci kusan mita 2.7 idan aka haɗa da gefe. Duk wanda ya daɗe a wannan harka zai ce da ya sani da ya buɗe kwanarsa fiye da yadda ya yi.

Hawa kuwa, abin da ido ke gani kamar shimfiɗaɗɗen fili sau da yawa tudu ne a wurin ƙaramin jirgi. Ka'idar da ake bi ita ce kada hawa ya wuce santimita 2 a kowace mita, kuma 3 ita ce iyaka ga gajeren jirgi. Mai son layi ya haye kan ɗan'uwansa ta gada ya yi lissafi tun yanzu: ana bukatar kusan santimita 25 na sarari, wanda ke nufin fiye da mita 12 na hawa, da wasu 12 na gangara. A ƙaramin tsakar gida wannan ba zai yiwu ba, kuma gara a haƙura da shi. Layin farko ya zama zagaye ɗaya mai siffar ƙwai, lebur, da miƙaƙƙen sashe na mita 3 a kowane gefe. Jimillarsa kimanin mita 13 da rabi ce, kuma ta isa a koyi komai a kanta.

Mataki na uku: aikin ƙasa

A nan ne layi yake samun lafiya ko ya ɗauko ciwon da ba zai rabu da shi ba. A fara da fitar da lebur. A kafa turaku a bin zanen, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, sannan a ɗauko dabarar da magina suka saba da ita ta siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turken farko, na biyu ya zagaya da ɗaya bakin yana sa alama a kowane turke daidai inda ruwan ya tsaya. Ruwa ba ya ƙarya, kuma wannan hanya ta fi ƙaramin ma'aunin hannu inganci idan tazara ta yi tsawo, domin kuskuren ma'aunin hannu taruwa yake yi daga turke zuwa turke har sai an zagayo an tarar farko da ƙarshe sun ƙi haɗuwa.

Hanyoyin kafa gadon layi uku ne. Ta farko ita ce wadda jirgin gaske yake bi, kuma ita na fi so. A haƙa rami mai faɗin santimita 20 da zurfin 10 zuwa 15 a bin zanen, a shimfiɗa yadin hana ciyawa a ciki, a zuba ɓarzajjen dutse a daddaɓe shi sosai, sannan a kwantar da dogo a kai a cike tsakanin sandunan gicciye da ƙananan tsakuwa masu girman milimita 3 zuwa 6. Sharaɗin shi ne tsakuwar ta zama fasasshiya mai kaifin baki, irin ta wurin fasa dutse. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta riƙe juna, mirginawa take yi, kuma ruwan farko zai watsa ta cikin ciyawa. Layin da aka kwantar haka ba a ɗaure shi da komai, yana shawagi ne a cikin tsakuwa, yana miƙewa da rana yana komawa da dare ba tare da ya lanƙwashe ba. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin tsakuwa da gyaran lebur sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ta biyu ita ce a jera bulo ko a zuba kankare a ɗora layin a kai. Tana da ƙarko, kuma ta dace da wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi, sai dai duk kuskuren da aka yi ya zauna ke nan, sauya tsari kuma sai da guduma. Ta uku ita ce a ɗaga layin a kan ginshiƙai zuwa tsayin santimita 60 ko 90, abin da masu jirgin tururi da masu ciwon baya suka fi so, tun da ba sai an durƙusa ba. A Turai katakon da aka yi wa magani ake amfani da shi. A ƙasar da gara take, wannan asarar kuɗi ce, gara a yi ginshiƙan da bulo ko ƙarfe, saman kuma da kankare.

Kowace aka zaɓa, gadon ya ɗara ƙasar da ke gefensa tsayi da ’yan santimita, kuma duk inda aka sa turken alamar hanyar ruwa a binne bututun roba a ƙarƙashi ya zama kwalbati. Idan aka tare wa ruwa hanya, gadon layin ne zai zame masa madatsa, kuma ruwan ne zai ci.

Mataki na huɗu: shimfiɗa dogo

Yawancin dogon lambu na tagulla ne, akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa da na alminiyum. Tagulla tana ɗaukar wuta da kyau, tana lanƙwasuwa da sauƙi, amma takan dushe ta bukaci gogewa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi tsada da wuyar yankawa, sai dai ba ya neman gogewa sosai. Alminiyum ya fi araha, ya dace da mai jirgin batir, amma taku ɗaya na babban mutum zai iya lotsa shi. A tabbatar sandunan gicciyen na robar da aka yi domin waje ne, in ba haka ba rana za ta busar da su su riƙa karyewa kamar ƙaya.

Batun miƙewar ƙarfe ba abin wasa ba ne. Tagulla mai tsawon mita 10, idan zafinta ya ƙaru da digiri 40, tana ƙara kusan milimita 8, kuma dogon da ya kwana cikin sanyin hunturu ya wuni a rana yana iya ganin irin wannan bambanci. Idan aka matse mahaɗai aka kuma kafe layin da ƙusa ko'ina, ƙarfen zai nemi inda zai je, sai a wayi gari miƙaƙƙen layi ya yi ciki kamar maciji. Saboda haka idan ana shimfiɗa da sanyin safiya, a bar tazarar kusan milimita 1 ko 2 a kowace mahaɗa, idan kuma da tsakar rana ne a haɗa su kusa. A kan kankare, ɗauri ɗaya a kowace mita ya isa, kuma kada a ƙulle shi tamau.

Ana gama kowane sashe a ɗora ɗan ma'aunin lebur a gicciye, domin karkacewar dogo ɗaya sama da ɗan'uwansa ita ce ta fi kayar da taragu. Inda kwanar dama ta haɗu da ta hagu, a sa miƙaƙƙen guntu mai tsawon tarago mafi tsawo a tsakaninsu. Mararraba, wato inda layi ke rabuwa biyu, a ajiye ta inda hannu zai kai ba tare da an taka tsirrai ba, kuma kada a cusa tsakuwa kusa da harshenta mai motsi, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta hana shi rufuwa.

Mataki na biyar: abin da zai tura jirgin

Hanya mafi sauƙin farawa ita ce a ba dogon kansa wuta, wadda ba ta wuce bolt 24 ba, daga taransifoma. Taransifomar da duk abin da ya shafi wutar gida su zauna a cikin ɗaki inda ruwa ba ya kaiwa, ƙaramar wutar kaɗai za a fitar waje. Raunin wannan tsari yana mahaɗai, domin ƙura da danshi suna shiga su yanke wuta, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa. Maganinsa shi ne a yi amfani da mahaɗai masu kusoshin ɗauri, a kuma ja waya mai kauri a gefen layi ana ba shi wuta a kowace mita 4 ko 5. Kafin kowace tafiya sai an goge saman dogo da abin gogewa mai laushi, ba da takardar yashi mai kaushi ba, wadda ke barin zane-zanen da datti ke maƙalewa.

Hanya ta biyu ita ce batir a cikin jirgin ko a taragon da ke bin sa, ana sarrafa shi da rimot na rediyo. Inda ƙura ta yi yawa ko wutar lantarki ba ta da tabbas, a ganina babu abin da ya kai wannan. Dogo ya dushe ko kada ya dushe, jirgi zai tafi, kuma ba a binne waya ko ɗaya. Abin kiyayewa shi ne kada a bar batirin cikin rana, kada kuma a tafi a bar shi a caji.

Ta uku ita ce tururi na gaske, irin jiragen da kamfanin Roundhouse na Doncaster a Ingila da Accucraft suke ƙerawa. Ana cika ɗan tankin da iskar gas, a zuba man tururi na musamman a mazubinsa, a cika tukunya da tataccen ruwa a bar ɗan sarari a sama, sannan a kunna wuta. Bayan ’yan mintuna allurar agogon tukunya ta fara hawa, murfin kariya ya yi tsaki ya fesa tururi, a buɗe maƙurar da ke sakin tururi kaɗan, jirgin ya tofar da ruwan zafi ta bututun hayaƙi sau biyu ko uku kafin ya kama tafiya da sautinsa. Cikawa ɗaya takan ba da minti 20 zuwa 30. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin farar ƙasa a tukunya, kada a zuba shi. Jikin jirgin yana ƙona hannu, na masu amfani da sifirit kuma harshen wutarsu ba ya ganuwa a rana, don haka yara kallo ne nasu. Tsadarsa da ƙin hawa tudu da yake yi sun sa bai dace ya zama jirgin farko ba.

Mataki na shida: tsirrai da gine-gine

Kada a dasa komai sai jirgi ya yi makonni yana zagaye ba tare da ya sauka daga dogo ba. Bayan nan sai a nemi tsirrai masu ƙananan ganye da jinkirin girma, tun da itacen santimita 40 a wannan awo daidai yake da na mita 9. A Ingila sukan dasa gajerun itatuwan fir da ganyayen da ke shimfiɗuwa a ƙasa kamar darduma. A ƙasa mai zafi, ƙananan tsirrai masu riƙe ruwa a ganye sun fi dacewa, itacen lalle ma idan ana yi masa aski a kai a kai yana ba da siffar itace. A bar tazarar tafin hannu biyu tsakanin shuka da dogo.

Tasha da gidaje a yi su da siminti ko roba mai jure rana, a tuna ƙofar mita 2 santimita 9 ce a awon 22.5. Rami ta cikin tudu yana ƙawata layi, amma tsawonsa kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiya daga kowane baki, domin a can ciki ne jirgi ya fi son faɗuwa. A yi masa marfi a riƙa toshe shi bayan an gama, kuma a haska fitila kafin a zura hannu, saboda wuri mai duhu da sanyi kunama ma tana son sa.

Gudanarwa da kulawa

Kafin a ɗora jirgi, a zagaya layin da ƙafa riƙe da ƙaramin buroshi, a share ganye da tsakuwar da ta hau dogo, a gwada kowace mararraba da yatsa. Sannan a rage gudu. Jirgin gaske mai tafiyar kilomita 40 a awa, idan aka rage shi sau 22.5, kusan rabin mita yake ci a daƙiƙa, wato zagayen mita 13 da rabi zai ɗauke shi kusan rabin minti. A wannan tafiya ce ake jin ƙarar ƙafafu a kan mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, kuma idan mutum ya sunkuya ya daidaita idonsa da dogo, ya ga kan jirgi yana fitowa daga bayan shuka, girman abin yakan ɓace masa gaba ɗaya. Daɗin yana ƙaruwa idan aka ba jirgin aiki, a ce ya ɗauko taragu biyu daga wannan tasha ya ajiye ɗaya a waccan, yara su zama masu ba da hannu da tuta. A Birtaniya ƙungiyoyi irin ta masu Geji 1, wadda aka kafa a 1947, sun saba da ziyartar juna, kowa ya zo da jirginsa ya gudanar a layin mai masauki.

Idan an tashi, jirage da taragu su koma ɗaki, layi da gine-gine ne kaɗai ke kwana a waje. Digon mai kaɗan a gatarin ƙafafu ya wadatar, kuma ya zama man da ba ya cin roba, domin mai da yawa ƙura yake tarawa. A ƙarshen damina a sake bin layin da ma'aunin lebur, a ɗaga inda ya zauna a cusa masa tsakuwa, a zuƙe kwalbatocin da laka ta toshe. Tun a zagayen farko kuma yana da kyau a sa mararraba guda wadda bakinta ke kallon sauran filin, a toshe ƙarshenta da ɗan guntun katako ko dutse, domin ranar da za a ƙara tsawon layin daga nan za a ɗora ba tare da an tayar da abin da ya riga ya zauna ba.